Yadda ake zaɓar bugaggen littafin waƙar Zabura 42 ta Mendelssohn

Felix Mendelssohn, Bajamushen da ya rasu a 1847, ya ɗora wa Zabura 42 kiɗa a 1837, wato zaburar nan ta barewa mai ƙishirwar ruwa. Kashi bakwai ce. Idan ƙungiyar mawaƙanku na son rera ta, ga inda za ku fara.

Da farko ku san littafin iri biyu ne. Akwai babba mai ɗauke da layin kowane abin kiɗa, wannan na mai jagorantar makaɗa ne. Naku shi ne ƙaramin, wanda aka jera muryoyi huɗu a sama, sofrano, alto, teno da bas, aka kuma dunƙule kiɗan duka ya koma na piyano a ƙasa.

Sai harshe. Asalinta da Jamusanci take, amma kamfanin Novello na Landan ya buga ta da Turanci. Ku tsayar da guda, kowa ya riƙe bugu iri ɗaya. In ba haka ba, shugaba zai ce a buɗe shafi na 12, rabin mawaƙa su tsinci kansu a wani wurin daban.

Kafin ku biya kuɗi, ku leƙa kashi na shida. A nan ake gane ko ƙungiya za ta iya. Mace ɗaya mai sofrano ce ke rerawa tare da muryoyin maza huɗu, teno biyu da bas biyu, kowa da layinsa. Ita ɗin ce kuma ke ɗauke da kashi na biyu ita kaɗai, inda mai piyano zai kwaikwayi sarewar obo. In ba ku da irin wannan murya, a ganina gara ku tsaya a kashin farko. Shi kaɗai ma ya ishi taron ibada.

Littafi ya zo hannu, sai fensir, ban da biro. Kowa ya ja layi ƙarƙashin muryarsa, ya sa alama inda zai ja numfashi. Waɗanda suka saba da do-re-mi, kamar mawaƙan coci da yawa a nan, sai a rubuta musu a saman layi. A kashin farko do tana kan F.

Tsofaffin bugu na nan kyauta a shafin intanet na IMSLP, inda ake ajiye littattafan kiɗa. Sababbi kuwa suna da haƙƙin mallaka, kada a kai su wurin mai fotokwafi.