Kurakuran da Ake Yi Wajen Maganin Bakteriya Mai Ɓuya Cikin Ƙwayoyin Jiki

Ba kowace bakteriya ce ke yawo a fili ba. Wasu kutsawa suke yi cikin ƙwayoyin halittar jikinmu su lafe, har da ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye cuta. Haka ƙwayar tarin fuka take yi, haka ta taifot, da kilamidiya (mai kawo ciwon sanyi), da burusela (da ake ɗauka daga dabbobi). Maganin da ba ya iya kutsawa ciki, a bakin ƙofa zai tsaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk antibayotik ɗaya ne. Fenisilin da danginsa irin su amoksisilin ba sa taruwa sosai a cikin ƙwayar jiki. Jentamisin kuwa shigarsa da nawa, kuma in ya shiga, tsamin wurin yana rage masa ƙarfi. Masu shiga da kyau su ne doksisaikilin, azitiromaisin, rifamfisin da dangin sifirofuloksasin. An ga wannan a 1976, lokacin ɓarkewar cutar lijiyonela (ciwon huhu da ƙwayarsa ita ma ke ɓuya cikin ƙwayoyin jiki) a Filadelfiya ta Amurka, inda eritiromaisin, ɗan'uwan azitiromaisin, ya fi fenisilin amfani ga majinyata. Don haka a fara gano ƙwayar kafin a zaɓi magani.

Wani kuskuren ma'aikatan lafiya ma yana kama su, wato dogara kacokan ga sakamakon ɗakin gwaji. A farantin gwaji bakteriya ba ta da maɓoya. Jentamisin zai iya kashe ƙwayar taifot a can, amma a jikin majinyaci ya kasa. Ganin an rubuta cewa magani ya kama a takarda bai isa ba, sai an duba ko yana isa inda cutar take.

Sai gaggawar dainawa da zarar zazzaɓi ya sauka. Ƙwayar da ta lafe takan rage hayayyafa, magunguna da yawa kuwa sun fi cin mai hayayyafa. Shi ya sa tarin fuka ke ɗaukar wata 6: magani 4 a wata 2 na farko, sannan 2 a sauran wata 4. Burusela mako 6 take so, da magani fiye da ɗaya, in ba haka ba ta dawo.

Akwai kuma ɗan abin da ake rainawa. Shan doksisaikilin ko sifirofuloksasin tare da madara, maganin ƙarin jini ko na ƙwarnafi yana hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. A bar aƙalla awa 2 tsakaninsu, ko gwargwadon abin da likita ya tsara.