Yadda Na Gyara Aikin Da Ya Ƙi Bin Ajin Ɗa a Java

Kwana biyu ina fama da wata manhajar da nake rubuta wa wani mai sayar da hatsi a Gusau da Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Akwai ajin uwa (aji shi ne class, tsarin da ke bayyana nau'in abu), Kaya, da ajin ɗa mai gadonsa, Gero, kowanne da nasa aikin (method) kudinDako() mai ba da kuɗin dako, amma duk lokacin da na ajiye Gero a ma'ajin (variable) da na ayyana da nau'in Kaya, sai kuɗin dakon uwa ya fito, naira 200 a buhu maimakon 350.

Da farko na zargi bayanan da na shigar, sannan na goge fayilolin .class, waɗanda ake samu bayan an haɗa (compile) manhajar, na sake haɗawa, babu abin da ya canja.

Asiri ya tonu ne da na sanya @Override, alamar da ke nuna aikin ɗa zai maye gurbin na uwa, a saman aikin Gero, domin nan take javac, mai haɗa manhajar Java, ya ƙi amincewa. Ashe na rubuta static, kalmar da ke mai da aiki na ajin kansa, a ayyukan biyu, kuma irin wannan aiki tun lokacin haɗawa ake ɗaure shi da nau'in ma'aji, ba a jira manhaja ta tashi a duba ainihin abin da ke ciki. Na cire static daga ajujuwan biyu, na bar @Override, na sake haɗawa, sai 350 ta fito. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.