'Ya'yan zomo a filin gidanka a Amurka: kada ka kwashe su

Wanda ya iso Amurka da hunturu ba ya sanin su wa yake zaune da su a unguwa sai ƙanƙara ta narke. Da ciyawa ta tsiro a watan Maris ko Afrilu, sai ka fara ganin zomaye da sassafe suna kiwo a ƙofar gidajen mutane, a Ohio ne ko Minnesota ko Maryland, ba mai ko ɗaga kai ya dube su. Ga wanda ya taso inda yara ke bin zomo da karnuka da sanduna har numfashi ya ƙare, abin da ban mamaki, don a nan sai ka ci zomo ba ka ci gudu ba, in da an bar ka. Daga wannan lokaci har zuwa Satumba suke haihuwa. In dai gidan da kuka kama haya yana da fili mai ciyawa, ko ba daɗe ko ba jima yaro zai shigo a guje yana cewa, "Baba, zo ka ga 'ya'yan ɓera a rami." Galibi 'ya'yan zomo ne. Kuma abin da tausayi zai fara raya maka, wato ka kwashe su ka kai ɗaki ka ɗura musu madara, shi ya fi komai saurin kashe su.

Zomon dajin da ya fi yawa a gabashi da tsakiyar Amurka, har zuwa kudancin Kanada, shi ne ɗan ƙaramin nan mai ruwan ƙasa da farin bindi. Ba ya haƙa dogon rami. Uwar takan ɗan tone ƙasa sama-sama, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta tsige gashin jikinta ta lulluɓe 'ya'yan, ta jawo wata ciyawar ta rufe. Daga tsaye sai ka ɗauka wani ɗan wuri ne da ciyawa ta ƙone. Sau da yawa ma a tsakiyar fili take yi, inda ake wucewa kullum. Cikinta kwana 28 ne ko kusa da haka, takan haifi uku zuwa takwas, kuma takan yi haihuwa uku ko huɗu kafin sanyi ya dawo. Ana haifar su ido a rufe, kusan ba gashi. Wajen mako guda ido ya buɗe, cikin mako uku zuwa huɗu sun kama gabansu.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne rashin ganin uwar. Za ka wuni kana leƙe ta taga ba ka gan ta ba, sai ka yanke cewa mota ta take ta. Tana nan kusa. Sau ɗaya ko biyu take zuwa a kwana, wajen asuba da bayan magariba, ta tsaya a kansu kamar minti biyar su sha, ta rufe su ta tafi. Nononta yana da kauri da maiƙo, wannan ɗan shan ya ishe su wuni. Nisantar da take yi ita ce kariyarsu, domin in ta zauna a wurin, shaho da mujiya da yanyawa da kyanwar maƙwabta duk za su gane inda ajiyar take.

In hankalinka bai kwanta ba, akwai gwajin da masu kula da namun daji ke koya wa mutane. Da yamma ka samo zare ko siraran tsinke, ka gitta su a kan makwancin, biyu a tsaye biyu a kwance, ka ɗauki hoto da waya. Da safe ka kwatanta. In sun goce, ta zo. Wani lokaci takan zame ta ƙasa ba ta taɓa zaren ba, don haka jikin 'ya'yan ya fi zare faɗin gaskiya: in cikinsu ya yi tumbur, jikinsu da ɗumi, suna kwance a cure shiru, to a ƙoshe suke. Mai yunwa yakan yi sanyi, fatarsa ta yamutse, ya riƙa rarrafowa waje yana tsuwa. Duba ɗaya ya isa. Ba a mai da wurin gidan kallo ana kiran yaran maƙwabta.

To in yaro ya riga ya ɗauko ɗaya fa? A mayar da shi inda aka ɗauko, a rufe da gashin da ciyawar kamar yadda aka tarar. Maganar da ake yi cewa uwa tana ƙin ɗan da hannun mutum ya taɓa ba ta da tushe. Abin da ba ta iyawa shi ne neman makwancin da aka sauya wa wuri. Ko taku biyu ka matsar da shi don ka kai su inuwa, tana iya rasa shi, kuma ita ba ta ɗaukar 'ya'ya a baki ta yi ƙaura da su. Ga yaran da za su yi kuka a bar musu su riƙe, akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a kan hanyar tafiya, ta zo tana ta shawagi, Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata. Yaro ya fi saurin fahimtar wannan fiye da zancen doka.

Wanda kuwa kuka gani shi kaɗai a gindin shuka, ido a buɗe, kunne a tsaye, gashi ya cika, girmansa ya kai dunƙulen hannu, wannan ya riga ya yaye kansa. Ƙanƙantarsa ce ke sa a ɗauka jariri ne. Tsayawar da yake yi ƙiƙam in ka matso tsoro ne, haka suke ɓuya. Ka ja baya, ka kira kare in akwai, zai tafi.

Sai batun yankan ciyawa, wanda sabon zuwa ba ya tsammani. Garuruwa da yawa suna da dokar tsawon ciyawa, in ta wuce ƙima a aiko maka da takardar gargaɗi, daga nan sai tara, kuma sau da yawa yarjejeniyar haya kan ɗora aikin a wuyan ɗan haya. Saboda haka ba za ka bar fili ya zama daji don zomo ba. Kafin ka ta da inji, ka zaga da ƙafa kana duba wuraren da ciyawa ta bushe ko gashi ya bayyana. In ka sami makwanci, ka kafa sanduna a kewaye, ka yanke sauran fili ka bar wannan tsibirin. Mako uku zuwa huɗu ne kawai. Wannan dubawar don lafiyarka ce ma. Zomaye na ɗauke da wata cuta mai suna tularemiya, mai kawo zazzaɓi da kumburin kaluluwa, wadda ake ɗauka ta cizon kaska, ko taɓa mushen zomo, ko shaƙar ƙurar da inji ya tayar in ya bi ta kan wanda ya kamu. A shekarar 2000, a tsibirin Martha's Vineyard na jihar Massachusetts, mutum 15 suka kamu, ɗaya ya rasu, kuma binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya danganta yawancin abin da yankan ciyawa da sassabe. Cutar ba ta da yawa, kuma tana jin magani in an je asibiti da wuri, amma ta isa ta sa ka sa safar hannu kafin ka taɓa kowane zomo, ka wanke hannu da sabulu bayan nan, ka kuma duba jikin yara ko kaska ta maƙale.

In kare ne matsalar, ko naku ko na maƙwabci, a kife kwandon wanki a kan makwancin da rana, a danne da dutse, a ɗauke kafin magariba don uwa ta sami hanya.

Akwai lokacin da sa hannu ya zama dole: in akwai jini ko karaya, in ƙuda sun yanyame shi ko tsutsa ta fito, in jikinsa ya yi sanyi ƙalau, in ka ga gawar uwar da idonka, ko in kyanwa ta kawo shi a baki. Na kyanwar nan shi mutane suka fi rainawa. Haƙorinta siriri ne, raunin ba ya nunawa a cikin gashi, amma ƙwayoyin cutar da ke bakinta sukan kashe ɗan zomo cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a ba shi magani ba. A irin wannan hali ka sami ƙaramin kwali ka huda masa ramukan iska, ka shimfiɗa tsohuwar riga, ka sa shi ka rufe. Ka zuba shinkafa a safa, ka ɗan ɗumama, ka naɗe a tsumma ka ajiye a gefe guda yadda zai iya matsawa in zafi ya yi masa yawa. Ka kai kwalin wuri mai duhu, nesa da talabijin da hayaniyar yara, domin firgita kaɗai tana kashe su. Kada ka ba shi komai, ko ruwa. Madarar shanu da ta jarirai suna kumbura masa ciki su sa shi zawo, ɗura da sirinji kuma takan bi ta huhu. Karas da latas ma ba abincin jariri ba ne.

Daga nan sai waya. Ba a kiran 911, lambar gaggawa, a kan zomo. Akwai mutanen da jiha ta ba lasisin jinyar namun daji, kalmar da za ka rubuta a Google ita ce "wildlife rehabilitator" haɗe da sunan garinku. Shafin Animal Help Now yana nuna waɗanda ke kusa da kai, hukumar kula da namun daji ta kowace jiha ma tana da jerin sunayensu. Wasu wuraren asibitoci ne sosai, kamar Wildlife Rehabilitation Center of Minnesota da ke Roseville, ko Ohio Wildlife Center a yankin Columbus, ko Toronto Wildlife Centre ga 'yan'uwanmu na Kanada. Galibi ba sa karɓar kuɗi sai gudummawar da ka ga dama. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, a wannan lokacin aiki ya yi musu yawa, don haka ka bar saƙo, ka tura hoto, ka yi haƙuri. Asibitin karnuka da kyanwowi na unguwa ba lallai ya karɓa ba, ka kira kafin ka tafi.

Riƙe shi a gida kuwa, da sunan a yi wa yara kiwo, a mafi yawan jihohi laifi ne in ba ka da lasisi, ko da niyyarka ta alheri ce. Kuma ba irin zomon da muke kiwo a keji a gida ba ne, wancan asalinsa na Turai ne da aka daɗe da sabawa da shi. Wannan ba ya sabo, yakan yi ta dukan keji har ya ji wa kansa rauni. Mai son kiwo ya je gidan ajiye dabbobi na garinsu, akwai zomayen gida da ke jiran mai ɗauka.

Na san akwai mai karanta wannan yana lissafin tukunya. Zomo halal ne a wurin mafi yawan malamai, kuma Amurkawa ma suna farautarsa. Amma da lasisi ake yi, a lokacin da jiha ta buɗe, galibi daga kaka zuwa hunturu, da adadin da aka ƙayyade a rana, a wuraren da aka yarda. Danƙo ko tarko a cikin unguwa yana iya jawo maka 'yan sanda, don maƙwabcin da bai taɓa gaishe ka ba yana kallo ta labule, kuma wanda takardunsa na zama a ƙasar ke kan hanya ba ya buƙatar sunansa a kowane irin rahoto. Guba ma haka, ga haɗarin kare ko yaron wani ya ci. In alayyafo da yakuwar da Hajiya ta shuka suke cinyewa, a kewaye lambun da wayar kaji mai ƙananan ido, tsayinta ya kai ƙafa biyu, a binne gindinta kaɗan a ƙasa don kada su kutsa ta ƙarƙashi.