Yadda ake nemo ƙusa da notin da suka dace da tsohuwar mota

Yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin motoci wajen ɗauri a shagon mai noti take farawa, lokacin da aka aiki yaron gareji ya ce "a ba ni noti sha uku". Sha ukun nan faɗin bakin sifana ne, bai faɗi komai a kan jikin ƙarfen ba. A gareji duk noti ake cewa, amma a nan za mu kira namijin ƙusa, macen kuma noti, don kada magana ta cuɗe.

Ƙusa mai kaurin milimita 8 kanta 13 ne a motocin Jamus da Faransa, 12 a na Japan, 14 kuma a Beetle na da can. Ƙusar Ingila mai inci 5/16 ta tsarin UNF (tiredin inci mai ƙananan haƙora) tana ɗaukar sifana rabin inci, wato milimita 12.7, don haka sifana 13 ta kan kama ta, mutum ya ɗauka ta milimita ce. Abu huɗu ake nema: kauri, tazarar haƙoran tiredi, tsawo, da ƙarfin ƙarfen.

Ka fara da ƙasar da ta ƙera motar

Peugeot 504, Fijon da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, da Volkswagen Beetle da aka haɗa a Legas, da Marsandi W123, duk awon milimita ne. Sai dai Faransawa suna da wata ɗabi'a tasu: suna yawan amfani da M7, wato ƙusa mai kaurin milimita 7, mai tazarar milimita 1.0 da kai 11. Masu shago da yawa ba sa ajiye ta, sai su miƙo M6 ko M8 su ce "za ta yi". M6 za ta yi lilo a ramin ta zame da ɗaurin farko, M8 kuwa ba ta shiga sai an yi mata dole, ta tafi da tiredin.

Tsohuwar Land Rover ita ce mai wahalar sha'ani. A mota guda za ka tarar da tiredi iri uku: BSF da Whitworth (tsoffin tiredin inci na Ingila) a giyabos da aksul, UNF a wurare da dama na jiki da inji, sannan milimita a 'yan ƙarshen Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Ƙara da cewa motar ta bi ta hannun makanikai na shekara arba'in ko hamsin, kowa ya cusa abin da ya samu. Saboda haka kada ka yarda da ƙusar da ka ciro kawai don a nan ka same ta. Kwatanta ta da 'yar uwarta ta ɗaya gefen motar.

Awo

Wanke ƙusar da kananzir, ka goge ta da burushin waya. Auna kaurinta a kan tiredi da ma'aunin baniya. Za ta ɗan gaza lambarta: M8 kan nuna 7.8 ko 7.9, M10 kuma 9.8. Idan ka ga 9.4 ko 9.5, wannan inci 3/8 ce.

Tazara ita ce inda aka fi faɗuwa. Akwai ma'aunin tiredi mai ganye-ganye kamar wuƙar aljihu, ba shi da tsada, kuma gara a sami na milimita da na inci. In babu, ɗora rula ka auna daga kan haƙori na farko zuwa na goma sha ɗaya, ka raba da goma. Milimita 12.5 na nufin tazarar 1.25, 15 kuma 1.5. A na inci, ƙirga haƙoran da ke cikin milimita 25.4 ake yi. Idan ramin ne kawai a hannunka, ƙusar ta ɓata, fiƙe ɗan icce mai taushi ka murɗa shi ciki, ka ciro ka auna shatin.

Na yau da kullum (lambar farko kauri, ta biyu tazara) su ne M6×1.0, M8×1.25, M10×1.5, M12×1.75. Amma inji da ƙafafu sun fi amfani da ƙananan haƙora: M10×1.25, M10×1.0, M12×1.5, M12×1.25. A inci, 5/16 UNF haƙora 24 ne, BSF ɗinta 22. 3/8 UNF 24, BSF 20. 1/4 UNF 28, BSF 26.

Tsawo daga ƙarƙashin kai ake auna shi, ban da mai kan da ke nutsewa cikin ƙarfe, wadda ake aunawa gaba ɗaya. Ƙusa ta shiga aƙalla tsawon kaurinta a ƙarfe, ɗaya da rabi a ƙarfen zubi, ninki biyu a alminiyam. Wadda ta yi tsawo a rami mai toshe tana taɓo ƙasa, hannu ya ji ta ɗauru alhali ba ta matse komai ba, sai gaskit ya yi ta yoyo ana zargin gaskit ɗin.

Masu kama da juna

Mafi haɗari a bututun birki yake. Notin bututu (namiji ne shi, duk da sunansa) mai 3/8 UNF yana shiga ramin M10×1.0 salin-alin, don tazararsu kusan ɗaya ce, amma ya fi siriri da kusan rabin milimita. Zai ɗauru, zai riƙe mai a tsaye, ranar da aka taka birki da ƙarfi ya tsinke. Haka 5/16 UNC (tiredin inci mai manyan haƙora) ke shiga ramin M8 zagaye biyu ko uku kafin ta cije. Whitworth da UNC kuma suna da adadin haƙora ɗaya a yawancin girma, amma kwanar haƙorin Whitworth digiri 55 ce, ta UNC 60, kuma a rabin inci ma sun rabu: 12 da 13.

Gwajin ba wuya. Ƙusar da ta dace tana shiga da yatsu zalla, zagaye biyar ko shida, ba cijewa, ba girgiɗi. Wadda ta nemi sifana tun daga baki, a ciro ta.

Lambar da ke kan ƙusa

Lambar nan ƙarfin ƙarfen take nunawa. 8.8 ita ce ta aikin mota na gama-gari. 10.9 ta birki ce da sitiyari da ƙafafu inda kamfani ya sa ta, 12.9 kuma galibi mai ramin alanki ce. Marar lamba, ko mai 4.6 da 4.8, ta ƙofar gida ce da gadon ƙarfe. A mota iyakarta riƙe allon lambar mota ko madgad. A tsarin Amurka zane uku a kai ya yi kusa da 8.8, zane shida kusa da 10.9. Tsofaffin na Ingila harafi suke ɗauke da shi, kamar R, S ko T. Noti ma yana da lamba, 8 ko 10, kuma kada ya gaza ƙusarsa.

Farar ƙusa marar tsatsa, mai A2-70, tana ɗaukar ido, amma ta fi 8.8 saurin miƙewa, kuma ta kan cije da notinta har sai an yanke. A bamba da kayan ado ta yi kyau, a ƙafa da birki a bar ta. Lambar kan ƙusa ma ana buga ta ƙarya. In za ka sayi da yawa, sadaukar da ɗaya: ɗaura ta a bais da notinta har awon da ya kamata. Ga 8.8 busasshiya, M6 kusan Nm 10 ne (Nm awon ƙarfin ɗauri ne), M8 25, M10 kusan 50, M12 kusan 85. Ta jabu tana miƙewa ko haƙoranta su kwanta kafin a kai nan.

Inda ake samu

A ganinmu, tsohuwar ƙusar kamfani da aka ciro daga matacciyar mota irin taka ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Masu yanka motoci a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas ko Katako a Yamai ne wurin zuwa. Tafi da samfur da notinsa a aljihu, in da hali ka kwance da hannunka daga wuri ɗaya da wanda kake gyarawa. Mirgina ta a kan gilashi ka ga ko ta lanƙwashe. Murɗa noti mai kyau daga farko har ƙarshe: in ya tsaya a tsakiya, ƙusar ta miƙe, a jefar. Wadda tsatsa ta ci wuyanta ma haka. Kada a jiƙa 10.9 ko 12.9 a ruwan batir don cire tsatsa, yana sa su karye ba gargaɗi.

Na inci a nemi masu kayan tarakta, janareto da manyan motoci, don UNF da UNC suna nan da rai a wurinsu. BSF ta fi wuya, sau da yawa sai an yi odar ta daga dillalan kayan Land Rover na Ingila da lambar kayan. Mai injin tana zai iya yanka maka kowane tiredi, amma in daga rodin gini ya yanka, ba ta da ƙarfin riƙe abin da rai ya rataya a kai.

Waɗanda ba a musanyawa da na shago

Na taya sun bambanta a tiredi da kuma mazauni. Beetle mai rami biyar M12×1.5 ce, mai rami huɗu daga 1968 M14×1.5, duka da mazauni mai zagaye kamar ƙwallo, haka ma W123 mai M12×1.5. Mai mazaunin tsini in ta hau irin wannan wili layi ɗaya siriri take taɓawa, ta kwance a hanya. A Marsandi tsawon na wilin ƙarfe da na alminiyam ma daban ne. Notin ƙafar gaba ta hagu a Beetle tiredin hagu gare shi, kamar notin tayar hagu a manyan motoci da yawa, kuma an karya da dama wajen "kwancewa". Babban notin aksul na baya mai kai 36 yana son kusan Nm 300 da sabon fil na kulle. Notin salansa kuwa a sa na tagulla, don ba ya mannewa da zafi.

Idan tiredin ramin ne ya mutu, kamar yadda ya saba faruwa a gidan injin Beetle mai taushi, inda notocin faifan mai guda shida Nm 7 kacal suke so, kada a faɗaɗa a cusa babbar ƙusa. A sa zoben waya na Helicoil, ramin ya koma girmansa na asali. In sabon tiredi za a yanka da taf, ɗebe tazara daga kauri ka sami bakin dirin: 5.0 ga M6, 6.8 ga M8, 8.5 ga M10×1.5. Busa ramin ya fita tas kafin ɗauri, domin mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasansa ba ya matsuwa, kuma yana iya tsaga bulok.