Yadda ake mayar da kirifto naira, a ware riba da haraji ba tare da an rufe wa mutum asusu ba

Tun guguwar Hamster Kombat, wasan waya na neman kirifto, ta 2024, da wuya ka zauna a majalisa a Samaru ko Kongo a Zariya ba ka ji ana maganar mainin (haƙo kirifto) da tiredin (saye da sayar da shi) ba. Masu koyar da yadda ake saye sun cika gari, don haka ba zan tsaya kan buɗe akawunt da tantance NIN ba, wannan kowa ya iya. Inda na ga mutane suna zubewa shi ne wurin fita, wato ranar da za ka mayar da abin da ke cikin walet ɗinka, wato ma'ajiyar kirifto, ya zama nairar da za ka yi cefane da ita. A nan na ga ɗalibai sun rasa kuɗin rajista, a nan ni ma aka rufe mini asusu na kusan mako biyar. Ga yadda nake yi tun daga lokacin.

Fara da littafi tun kafin ranar sayarwa

Je kasuwar Sabon Gari ka sayi littafi mai bango mai tauri, irin wanda masu shago ke rubuta bashi. Duk ranar da ka saya ko ka sayar, rubuta kwanan wata, sunan kuɗin, yawansa, farashinsa da naira a ranar, cajin da aka cire, da sunan da ke kan asusun wanda kuka yi cinikin da shi. Ka ɗauki hoton risit ɗin ka tura wa kanka ta imel. Ban yarda da wanda ke cewa ai komai yana cikin manhaja ba. A watan Fabrairun 2024 aka toshe shafukan wasu manyan kasuwannin kirifto a Najeriya, a watan Maris kuma Binance, ɗaya daga cikinsu, ta daina mu'amala da naira gaba ɗaya. Manhaja ba taka ba ce, littafin naka ne. Kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa, riba ce ko haraji ko wanke kai a banki, a kan littafin nan yake tsaye.

Ka san me ka ci kafin ka kira shi riba

Ɗauka a tsakiyar 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ka sayi USDT 1,000 (kirifto ne da aka ɗaure darajarsa da dala) a kan naira 750 kowane ɗaya. Ka kashe naira 750,000. Daga baya dala ta haura naira 1,500, ka sayar, ka karɓi miliyan ɗaya da rabi. A ido ka ninka kuɗinka. Amma dala dubu ka shiga da ita, dala dubu ka fito da ita. USDT bai ƙaru da komai ba, nairar ce ta faɗi. Tambayi mai sayar da shinkafa a Tudun Wada nawa buhu yake a lokacin da ka saya da lokacin da ka sayar, za ka ga abin da ka yi kare dukiyarka ne daga zaizayewa. Wannan ma nasara ce, sai dai wanda ya ɗauki 750,000 ɗin nan a matsayin kuɗin banza ya kashe, rabin jarinsa ya ci.

Bitcoin kuwa lissafinsa daban. Adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma kusan duk shekara huɗu ana rage ladan masu haƙo shi da rabi. Na baya-bayan nan an yi shi a Afrilun 2024, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Ƙarancin nan shi ne hujjar masu ajiye shi na tsawon shekaru, amma bai hana shi faɗowa daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa wajen 16,000 bayan shekara ɗaya ba. Shi ya sa nake rubuta farashi biyu a littafina, na dala da na naira, kuma ba na sayarwa a lokaci guda. Kashi uku nake yi, da tazarar kwanaki. Kada kuma ka ɗauka duk kuɗin da aka ce an ɗaure shi da dala ba ya karyewa. Wani kirifto mai suna UST haka aka ce da shi, a watan Mayun 2022 ya ruguje cikin kwanaki kaɗan.

Zaɓi ƙofar da za ka fita

Ƙofa biyu ce. Ko ka sayar wa kamfani kai tsaye ya tura maka naira daga asusunsa, ko ka shiga P2P ka sayar wa wani mutum, manhaja ta riƙe kirifton amana a tsakaninku har sai ka ga naira ka saki. Haramcin da Babban Bankin Najeriya ya sa wa bankuna a Fabrairun 2021 shi ya tura kowa P2P, kuma an janye shi tun Disamban 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba kamfanonin kirifto Busha da Quidax amincewar farko, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar. Ni dai duk abin da ya haura naira dubu ɗari biyu ta ƙofar kamfani mai rajista nake fitar da shi. Farashinsu yakan yi ƙasa da na P2P da 'yan nairori a kan kowace dala, na sani. Na gwammace in bar wannan.

Abu ɗaya a gefe: duk manhajar da ta ce sai ka ƙara zuba kuɗi kafin ta bar ka ka cire naka, ba kasuwa ba ce. Haka aka yi wa mutanen da suka zuba kuɗi a manhajar CBEX bayan ta rufe a Afrilun 2025, wasu kuma suka sake turawa.

In dole sai P2P, karanta nan sau biyu

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah na sa USDT 400 a kasuwa don in sayi rago. Kowa na saye a 1,500, sai ga wani ya ce 1,520. Bambancin naira dubu takwas ne kacal, shi ya ja ni. Muka buɗe oda, cikin minti uku naira 608,000 ta shigo asusuna. Na buɗe manhajar banki na gani da idona, kuɗi na gaske ne. Sai dai sunan da ya turo sunan mace ne, shi kuma mai sayen sunan namiji ne a kan manhaja. Na tambaye shi, ya rubuto cewa asusun matarsa ne, nasa ya kai iyakar turawa ta yini. Magana ce da ta yi kama da gaskiya. Na saki.

Bayan kwana goma sha biyu na tsaya wurin mai POS a Kwangila zan ciri kuɗin mota, katin ya ƙi. Muka gwada sau uku. Washegari na je reshen bankina a PZ, na bi layi tun safe har azahar. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta juyo da allon kaɗan ta nuna mini layi ɗaya da bironta.

"Malam, ka san wannan matar da ta turo maka kuɗi?"

"Hajiya, ban san ta ba. Ciniki muka yi da mijinta."

"Ita ta ce ba ta taɓa jin sunanka ba sai ranar da ta tura. Ta kai ƙara cewa ka damfare ta."

Daga baya na gane yadda aka ƙulla abin. Mutumin ya tallata keken ɗinki da atamfofi a Facebook, matar ta yi ciniki da shi. Da ta ce ya turo lambar asusu, sai ya buɗe oda da ni ya ba ta lambata. Ita ta biya ni, ni na sakar masa USDT, shi ya ɓace. A takarda ni ne na karɓi kuɗinta. Albashina, kuɗin adashen da nake riƙe wa abokan aiki, duk suna cikin wannan asusun, duk aka daskarar da su. Abin da ya cece ni hotunan hirarmu ne da lambar odar. Na kai su shagon buga takardu a Samaru, shafi goma sha ɗaya, na haɗa da wasiƙar bayani na kai banki, na sake kai wa 'yan sanda. Duk da haka sai da aka yi sulhu na mayar da wani ɓangare na kuɗin. Matar kuma ba ta da laifin komai, jarin ɗinkinta ne aka cinye.

To ga abin da ba na saɓawa yanzu. Sunan da ke kan manhaja shi ne sunan da zai turo kuɗi, harafi da harafi. Matarsa, ƙaninsa, yaron shagonsa, duk ban karɓa ba. In kuɗi ya shigo da wani suna, kada ka saki, kuma kada ka taɓa kuɗin. Danna wurin kai ƙara a cikin manhajar, ka mayar da kuɗin asusun da ya fito, ba wani asusun da mai sayen zai ba ka ba, ka ajiye risit. Na sha ganin wanda ya yi daidai a farko, ya zo nan ya ɓata, aka ba shi lamba ta uku ya tura.

Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton risit ma ba shaida ba ne. Alat na bogi ana haɗa shi cikin minti ɗaya. Buɗe manhajar bankinka ka ga jimillar kuɗinka ta ƙaru. In intanet ya yi nauyi, jira. Mai sayen zai yi ta kira yana cewa mahaifiyarsa na asibiti, zai ce zai kai ƙararka. Bar shi ya kai. Muddin ba ka saki ba, kuɗinka na hannun amana.

Kada ka yarda a ja ka WhatsApp ko Telegram don a ba ka farashi mai daɗi. Da zarar kun fita daga manhaja, ba mai riƙe amana, ba kuma hirar da za ka buga ka kai banki. Duba tarihin mutum: ciniki nawa ya kammala, tun yaushe yake kasuwar. Wanda ya buɗe akawunt jiya kuma farashinsa ya fi na kowa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan ka ware asusun banki na daban don wannan harka kaɗai. Kuɗi na shiga, ka bar shi ya kwana biyu kafin ka matsar da shi. Da na yi haka tun farko, da albashina bai shiga rikicin ba.

In tura USDT za ka yi daga walet zuwa kasuwa, tabbatar layin da ka zaɓa ɗaya ne a ɓangarorin biyu, TRC20 da TRC20, ERC20 da ERC20.  Fara tura kaɗan ka ga ya isa.

Haraji

Wani ƙanena da ke karatu a ABU ya ce mini, "Yaya, wa zai san na sayar?" Na ce masa asusun da kuɗin ya shiga yana ɗauke da BVN ɗinsa. Tun dokar kuɗi ta 2023 aka sa harajin kashi 10 cikin ɗari kan ribar sayar da kadarorin intanet. Sabbin dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun canza tsarin. Yanzu ribar kirifto ana haɗa ta da sauran kuɗin shigar mutum na shekara, kuma an ɗora wa kamfanonin kirifto su riƙa miƙa wa hukumar haraji bayanan cinikin abokan hulɗarsu.

A kan riba ake biya, ba a kan duk kuɗin da ya shigo ba. Cire abin da ka saya da shi daga abin da ka sayar. Naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, daga nan yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar 800,000 ɗin nan kamar rangwamen kirifto ne na musamman. Na duk abin da ka samu ne a shekara. In abin da za a yi maka lissafi a kai daga sana'arka miliyan 1.25 ne, ribar kirifto kuma 750,000, jimilla miliyan biyu ke nan. Cire 800,000, saura miliyan 1.2, kashi 15 nata naira 180,000. Lura kuma, 750,000 ɗin nan ita ce wadda muka ce a dala ba riba ba ce. Da naira ka saya, da naira ka sayar, da naira za a lissafa. Wannan yana yi mini ciwo, amma gara ka sani tun yanzu. Wanda ba shi da shaidar farashin da ya saya kuwa, da me zai nuna cewa duk kuɗin ba riba ba ne?

Harajin ɗaiɗaikun mutane na jihar da kake zaune ne, mu a Zariya hukumar KADIRS ta jihar Kaduna ce, kuma ana miƙa bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Maris. Ni ranar da na sayar nake ware kashi 15 na ribar in ajiye gefe. In cinikinka ya kai miliyoyi, biya akanta ya duba maka littafin.

Zakka ma daga littafin za ka fitar. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin kirifto, wannan ka zauna da malaminka. In ka bi waɗanda suka halatta, ranar da shekara ta zagayo ka kimanta abin da ke walet da farashin ranar, ka haɗa da sauran kuɗinka, in ya kai nisabi ka fitar da ɗaya cikin arba'in. Rubuta wannan ranar a shafin farko na littafin, da watan Musulunci.