Yadda za ka zaɓi esin da ya dace da ɗakinka, da abin dubawa in ya daina sanyi

Kafin zafin Maris da Afrilu ya kora ka kasuwa a Abuja, ɗauki abin awo tukuna. Auna tsawon ɗakin da faɗinsa da mita, ka ninka su. Ɗaki mai mita 3 da 4 zai ba ka 12. Ninka da 600, ka samu BTU (ma'aunin ƙarfin sanyayawa) 7,200, wato esi mai ƙarfin doki ɗaya, wanda ke ba da kimanin 9,000, ya ishe ka. Falo mai mita 4 da 5 sai doki ɗaya da rabi, BTU 12,000. Doki biyu kuwa 18,000 ne.

In ɗakin yana saman bene ƙarƙashin kwano, ko tagarsa na kallon yamma, ƙara mataki ɗaya. Amma kada ka biye wa mai shago in ya ce, "Alhaji, ɗauki babba ka huta." Babban esi a ƙaramin ɗaki yakan sanyaya iska nan take ya tsaya, ya sake tashi, bai samu sukunin tsotse danshi ba. Da damina sai ka ji ɗakin da sanyi amma jiki na danƙo, ga kwamfiresa, injin da ke tura gas a cikin esin, na shan wahala a banza.

To, ya daina sanyi? Fara da rimot. Alamar ƙanƙara ita ce ta sanyi. Yara kan danna su mayar da shi fanka kawai. Daga nan buɗe murfin ɓangaren esin da ke cikin ɗaki, zaro ragar tace ƙura, wanke ta da ruwa, ka bari ta bushe a inuwa. Da hunturu, musamman a unguwannin da ba kwalta a gefen Kubwa ko Lugbe, yi haka duk mako biyu. Leƙa na waje ma, kada a jingina masa kaya, yana buƙatar wurin fitar da zafi.

Ruwa na ɗiga a bango? Galibi bututun fitar ruwa ne ya toshe ko ya lanƙwashe. In na waje na gurnani amma fankarsa ba ta juyawa, kashe shi. Ko wuta ce ta yi rauni, ko kafasita, 'yar na'urar da ke tayar da fankar, ta mutu, wannan kuma aikin mai gyara ne. Sa wa esin sitabilaiza, kuma in an dawo da wuta, jira minti 3 kafin ka kunna.

Sai batun gas, inda ake cin kuɗin mutane. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar na girki. In ya ragu, yoyo yake yi, sau da yawa a mahaɗar bututun tagulla, kuma za ka iya ganin ƙanƙara ko maiƙo a wurin. Sa mai gyara ya gano yoyon ya toshe kafin ya ɗura, ya kuma karanta takardar da ke jikin na waje: nau'in gas ɗin R410A ne ko R32, domin ba a haɗa su.