Darasi Na Tara: Zaɓen Batirin Sola Da Kula Da Shi

A cikin kayan sola, batir ne yake fara lalacewa, kuma shi ne ya fi cin kuɗi wajen sakewa. Farantin sola mai kyau yakan yi shekara 20 a kan rufi yana aiki. Batir kuwa, na wani ya yi shekara huɗu ko biyar, na wani ko shekara guda ba ya cikawa, alhali a shago ɗaya aka saye su. Abu uku ne suka fi kashe shi: zuƙe shi har ƙasa, barin sa bai cika ba, da zafi.

Na mota daban, na sola daban

Aikin batirin mota shi ne ya tayar da inji cikin daƙiƙa kaɗan, sannan inji ya mayar masa da cajinsa nan take. Faifan darmar da ke cikinsa sirara ne. Idan aka sa shi riƙe fanka da fitila kowane dare, faifan za su zagwanye cikin 'yan watanni. Na sola faifansa masu kauri ne, an yi shi don ya riƙa ba da wuta a hankali na tsawon awoyi. Ku nemi rubutun Deep Cycle a jikinsa.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula. Yana jure zafi da wahala, amma yana son a riƙa duba ruwansa. Akwai busasshe, wanda aka rufe ruf, an rubuta AGM ko Gel a jikinsa. Ba a ƙara masa ruwa, sai dai idan caji ya yi masa yawa ya bushe, ba shi da gyara. Na uku shi ne litiyom, wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ya fi tsada, ba shi da nauyi, yana cika da sauri, kuma yana ɗaukar caji da saukewa fiye da sau 2,000. Ga mai ƙaramin ƙarfi wanda zai iya duba batir sau ɗaya a wata, tubula muka fi ba da shawara.

Lissafi kafin a tafi kasuwa

A jikin batir za ku ga 12V da 200Ah, ko makamancin haka. 12V ƙarfin wutarsa ne, wato bolt 12. Ah kuma yawan abin da yake iya ɗauka ne, kamar girman randa. A jikin kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa, wato yawan wutar da yake ci, da harafin W. Ku ninka wat da awoyin da kayan zai yi a kunne. Ga misalin gida ɗaya:

Ƙwan fitila 4, kowanne wat 10, awa 5: 200.
Fanka mai wat 30, awa 8: 240.
Talabijin mai wat 50, awa 4: 200.
Cajin waya 6, kowacce kamar 10: 60.

Jimla 700. Inbata, na'urar da take mayar da wutar batir irin ta gida, ita ma tana cin nata, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya zama 840. A raba 840 da 12, a samu 70. Gidan nan yana shan 70Ah kowace rana ke nan.

To, a nan mutane da yawa suke faɗawa rami, su sayi batir mai 70Ah ko 100Ah su ce ya isa. Batirin darma, mai ruwa ko busasshe, rabinsa kawai ake sha. Sauran rabin ba naku ba ne, shi ke riƙe da ransa. Saboda haka a ninka 70 sau biyu, a samu 140. Gidan yana buƙatar 150Ah, ko 200Ah domin kwanakin marka da rana ba ta fitowa sosai. Idan litiyom ne, ana iya shan kashi 80 cikin 100, mai 100Ah ya wadatar.

Dutsen guga da hita da tukunyar lantarki ba sa cikin wannan lissafi. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan fiye da amfiya 80, wato 80Ah a awa ɗaya, daga batir mai bolt 12. Gugar awa ɗaya ta cinye kason yini guda.

A wurin saye, ku ɗaga batirin. Na darma mai 200Ah na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 65, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin sauƙi. Idan yaro ya sunkuce shi ya kawo muku, rubutun jikinsa ƙarya ne. Ku duba ranar da aka yi shi, domin batirin darma yana sauka da kansa ko a ajiye yake. A sa mitar auna bolt a gabanku: sabo ya nuna 12.5 ko sama. Ku karɓi rasit da takardar garanti.

Faranti da kwantirola

Batir babba da faranti ƙarami yunwa ce ga batirin. A Kano da Katsina da Maraɗi da makamantansu, ana lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Faranti mai wat 300 sau 5 ya ba da 1,500. A cire kashi ɗaya cikin uku saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 1,000. Wannan ya rufe 840 da gidan yake sha. A fuskantar da farantin kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15, inda inuwar bishiya ko tankin ruwa ba ta taɓa shi.

Kada a haɗa faranti kai tsaye da batir. Kwantirola ce take tsayawa tsakani, tana rage caji idan batir ya cika. Mai araha ita ce PWM, tana dacewa da ƙananan faranti masu ba da kusan bolt 18. Manyan faranti na wat 300 zuwa sama suna ba da bolt 30 ko fiye, kwantirola irin ta MPPT suke so. Idan aka sa musu PWM a kan batir mai bolt 12, kusan rabin ƙarfinsu ya tafi a banza. Ga gidan misalinmu, kwantirola mai amfiya 30 ta isa.

Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa. Bayan haka a shiga saitin kwantirola a zaɓi irin batirin. Mai ruwa yana cika a kan bolt 14.4 zuwa 14.8, Gel kuma bai kamata ya wuce kusan 14.2 ba. Idan takardar kamfani ta faɗi wata lamba, ita za a bi. A sa fis a wayar ja, kusa da kan batir mai alamar +. Wayar inbata mai wat 1,000 kada ta gaza milimita 25 da aka rubuta a jikin waya, kuma ta zama gajera. Wayar da take ɗumi a hannu ta yi siriri.

Karanta mita

A kashe komai, a cire caji, a bar batirin darma ya huta awa biyu, sannan a auna. 12.7 ya cika. 12.2 saura rabi, nan ne iyaka. 12.0 ya shiga haɗari. Kada ku jira sai inbata ta fara kuka, domin yawancinsu sai wajen 10.5 suke yankewa, lokacin ɓarna ta riga ta auku. Batirin da aka bari a sauke kwana da kwanaki, wani farin gishiri yakan daskare a kan faifansa. Alamarsa, ya nuna ya cika da hantsi, kafin sallar isha ya mutu. Litiyom ba a gane saurarsa da mita sosai, don yakan tsaya wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa.

Kula ta wata-wata

Tubula yana da 'yan sanduna a kan murfinsa masu nuna ruwa. Idan sun sauka kusa da jan layi, a ƙara tataccen ruwan batir, wanda masu shago suke kira distil. Ban da ruwan rijiya, ban da na burtsatse, ban da fiya wata, domin gishirin cikinsu yana lalata faifai. Kada a ƙara asid. Ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. A ƙara bayan batir ya cika da caji, kuma kada a cika shi har baki. Da bazara a duba duk mako biyu.

Idan fari ko koren gari ya taru a kan batir, a kwance wayar baƙi tukuna, a wanke da bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, kada ya shiga cikin ramukan. A goge, a ɗaure tam, a shafa basilin.

Batirin darma ya fi jin daɗi a digiri 25. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kusan rabin kwanansa, ga shi a watan Afrilu zafinmu yana wuce 40. A ajiye shi a ɗaki mai inuwa da taga, a kan katako, nesa da kicin da kwanon rufi. Mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, ba a kusantarsa da taba ko kyandir. Idan asid ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti.

Da hunturu, ƙura takan rufe faranti cikin kwana biyu ko uku. A wanke shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya yi zafi.

Ba a haɗa sabon batir da tsoho, ko 100Ah da 200Ah. Mai rauni yakan ja lafiyayyen ƙasa, a yi asarar duka biyun.

Mataccen batir kuma a mayar wa dila a karɓi ragi. Kada a fasa shi a gida, kada a zuba ruwan sha a kwandonsa. Darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A Zamfara a 2010, ƙurar darma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Irin darmar nan ce a cikin batir.

Aikin aji

1. Shago yana da ƙwai 2 masu wat 10 na awa 6, da fanka mai wat 30 ta awa 6. Batirin darma mai Ah nawa ya dace da shi?
2. Mita ta nuna 12.1 bayan batir ya huta. Me za ku yi a daren nan?
3. Ku kwafo rubutun da ke jikin wani batir a unguwarku, ku kawo aji mu karanta tare.